Na Ga Farantin Sola Yana Rawa A Rufin Karaban, Na Yi Shiru

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci sunan kowa ba, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A farkon shekarun 1990 ni magidanci ne ɗan shekara talatin da 'yan kai, ina zaune a Plumstead da ke kudu maso gabashin Landan tare da maiɗakina da 'ya'yanmu mata biyu. Karatun lantarki ne ya kawo ni ƙasar a tsakiyar shekarun 1980, da na gama na samu aiki a wani kamfani mai gyaran lif a dogayen benaye. Allah ya hore mini aikin hannu. Duk Bahaushen da rediyonsa ko injin wankinsa ya tsaya, ni ake kira, har sunana na yanka ya ɓace aka koma ce mini Injiniya. Sunan nan ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata. Na kai matsayin da in wani ya gyara mini magana a kan aiki, sai in ji kamar marina ya yi a bainar jama'a.

Akwai wani bawan Allah da nake kira Yaya. Ba ciki ɗaya muka fito ba, ɗan unguwarmu ne a gida, ya girme ni da shekara goma sha biyu. Shi ya tare ni a filin jirgi ranar da na sauka, shi ya saya mini rigar sanyi ta farko, a falonsa na Dagenham na kwana wata takwas kafin in samu ɗaki, kuma da aurena ya tashi shi ya shige gaba. Matarsa, wadda nake kira Anti, ba ta taɓa bambanta kwanona da na 'ya'yanta ba. Yaya direban bas ne, irin jan nan mai hawa biyu, ya fi shekara goma sha biyar yana ratsa cunkoson Landan ko madubin wani bai taɓa gogewa ba. Ba mutum ne mai alfahari ba, amma in ana hirar tuƙi za ka ga fuskarsa ta washe.

Abokan aikina Turawa ne suka sa mini sha'awar karaban, wato ɗan gidan nan mai taya da ake ƙulla wa mota a baya a ja shi zuwa bakin teku lokacin hutu. Na ga abin ya dace da irinmu. Ba ruwanka da otal, ba ruwanka da tambayar abin da aka sa a abinci, matarka za ta tuƙa tuwonta, ku shimfiɗa darduma ku yi sallarku ba mai kallonku. Na sayi wani tsoho, na ba shi masauki a wani fili da ke bayan gari inda ake ajiye irinsu, domin titinmu ba wuri. Matsalarsa ɗaya ce, batirin da ke ba fitilu da famfon ruwa wuta ba ya wuce kwana biyu. A lokacin farantin sola baƙon abu ne, sai a jikin ƙananan jiragen ruwa ake ganinsa. Na je wani shagon kayan jiragen ruwa na sayo guda, tsawonsa daga ƙasa zuwa ƙuguna, fuskarsa gilashi, gefensa ƙarfe. A raina har na fara hango kaina na koma gida ina kafa wa ƙauyuka irinsa.

Mai filin nan wani tsohon Bature ne marar yawan magana, ya yi shekaru yana gyaran karaban. Ranar da nake kafa farantin ya zo ya tsaya a gindin tsani yana kallona. Na ɗora farantin a kan ƙafafun ƙarfe huɗu, kowace ƙafa sukuru biyu, na kuma ɗaga bakinsa na gaba kamar faɗin yatsa huɗu don iska ta riƙa ratsawa tana sanyaya shi. Tsohon ya ce mini rufin karaban ba rufin gida ba ne, fallen alminiyam ne marar kauri, ƙarƙashinsa soso ne da ɗan siririn katako, sukuru ba shi da abin kamawa. Ya ce sai dai in huda har ciki in ɗaure da noti a kan farantin ƙarfe, in kuma sa wani abu a gaba da zai kauda iska. Ya ce in ana gudu a babbar hanya iska za ta shiga ƙarƙashin farantin tana ɗaga shi, jijjigar hanya kuma tana cin ramin sukuru kaɗan-kaɗan, ba rana ɗaya abin zai nuna ba. Wallahi duk abin da ya faɗa na fahimta. Amma abin da kunnena ya ji shi ne wani tsohon Bature yana ganin baƙar fata bai iya aiki ba. Na yi masa godiyar fatar baki, na ce ni da nake rataye lif mai ɗaukar mutum goma sha biyu ba ɗan faranti ne zai gagare ni ba. Ya ɗaga kafaɗa ya koma rumfarsa.

Tafiyar farko lafiya lau. Fitilu suka kwana biyar suna ci, maiɗakina tana ta sa mini albarka. A tafiya ta biyu ne, wata rana da la'asar muna zaune a ciki iskar teku tana kaɗawa, muka fara jin wani sauti a sama, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Maiɗakina ta ɗaga kai ta tambaye ni mene ne. Na ce waya ce ke taɓa rufi. Bayan mun dawo, sanyi ya shigo, karaban ya yi wata biyar a ajiye. Da bazara ta kama muka je share shi, sai ta nuna mini wani tabo ruwan ƙasa a silin, daidai ƙarƙashin farantin, ta ce ruwa na shiga. Na ce raɓa ce. Fitila ma ta fara ƙyaftawa in an taka ƙasan da ƙarfi. Duk waɗannan na gani, kowanne na samo masa amsa.

Ranar Babbar Sallah ta wannan shekara, bayan an sauko daga idi a masallacin da ke Regent's Park, muna tsaye ana gaisawa, na ce wa Yaya ya kamata bana su biyo mu bakin teku. Anti ta yi murna, ta ce shekara nawa tana Ingila ba ta taɓa sa ƙafarta a ruwan teku ba. Muka tsayar da mako na gaba, tunda yara suna hutu. Na kama mana wurin ajiye karaban, su za su kama ɗaki a kusa, girki da zama duk a karaban ɗinmu.

Ana gobe tafiya na je filin ni kaɗai na hau tsani. Abin da na gani har yau yana gaban idona. Daga gindin kowace ƙafar ƙarfe wani baƙin layi ya gangaro a kan farin rufin, kamar an zuba ruwan gawayi. Na san ko mene ne, garin alminiyam ne da ƙarfe ya goge ya ci. A kusurwar gilashin ta gaba akwai tsaga siririya kamar gashi. Na sa tafin hannu a ƙarƙashin farantin na ɗaga, sai ya biyo ni, rufin yana lotsawa yana dawowa. Na sa sukudireba a sukurun farko, ya yi ta juyawa ba ya kamawa. Na biyu ma haka. Cikin takwas, uku ne kawai suka nuna alamar riƙo.

Gyaran gaskiya na kwana biyu ne, sai an ɓamɓare silin daga ciki. Sauke farantin gaba ɗaya kuwa aikin minti ashirin ne, kuma sukudireban yana hannuna. Abin da ya hana ni, na ɗaga kai na hango tsohon nan a ƙofar rumfarsa yana shan shayi. Na ce in na sauke shi a gabansa, ya ci nasara ke nan. Na kuma tuna yadda na cika baki a masallaci cewa Yaya zai ga wutar da ba ta da mita. Sai na ɗauko farin gam ɗin da ake toshe ɓaraka da shi, na cika ramukan, na lulluɓe kan kowane sukuru, na goge baƙin layin da tsumma. Daga ƙasa in ka duba, aiki ya yi kyau kamar sabo. Na ce wa kaina tafiyar awa biyu ce, in mun dawo zan yi gyaran sosai.

Da safe gari ya tashi da iska. Rediyo yana gargaɗin masu manyan motoci da masu jan karaban su yi hattara a kan gadoji. Bishiyoyin gefen filin suna ta sunkuyawa, wata ledar shara ta maƙale a waya tana ta faɗa da iska. Yaya ya iso da Anti da autarsu, budurwa 'yar sakandare. Kamar yadda ya saba da bas ɗinsa, ya zagaya karaban ɗin yana taɓa tayoyi, ya duba maƙullin da ya haɗa shi da mota, ya sa na taka birki ya ga fitilu. Sannan ya ja baya ya ɗaga kai sama.

"Injiniya, wannan abin naka ya zauna kuwa? Ka ga iskar yau."

Na ce, "Yaya, jiya-jiyan nan na hau na duba. Ko guguwa ba za ta motsa shi ba."

Ya ce to madalla, tunda ni na faɗa. Daga nan ya ce in shige gaba, shi zai bi ni a baya kurkusa, domin mai jan kaya ba ya ganin bayansa sosai, zai riƙa tare mini hanya in zan canza layi, ya kuma hana manyan motoci matse ni. A nan ne ya kamata in ce a dakata. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, Allah ya kai mu lafiya.

Muka hau babbar hanya. Tun daga farko nake jin sitiyari yana fizga, karaban yana lilo a madubi duk sanda babbar mota ta wuce. Maiɗakina ta ce ko mu tsaya iska ta lafa. Na ce mun kusa. Kowane minti ina leƙa madubi, ina ganin motar Yaya a bayana, ba ta matsowa ba ta ja baya, tazararta ɗaya kamar an auna. Har na fara samun natsuwa, na ce ga shi mun ci rabin hanya. Sai muka hau wata doguwar gada da ta ratsa kwari, ba bishiya ba gini, sai sarari. Wata tirela ta zo wuce mu, tana gama wucewa iska ta bugo mu daga gefe. Na ji ƙara a bayana kamar an yage kwanon rufi. A madubi na ga wani abu mai sheƙi ya tashi sama yana juyawa, ya tsaya kamar ba zai sauko ba, sannan ya tafi kai tsaye gilashin motar Yaya, ɓangaren direba.

Ban iya tsayawa nan take ba sai da na sauka daga gadar. Na fito na dawo da gudu, maiɗakina tana salati a bayana. Na tarar da motar Yaya a gefen hanya, a tsaye daram, fitilun haɗari suna ƙyaftawa. Da fuskarsa a fashe, jini ya rufe masa ido, ya riƙe sitiyarin nan bai bari motar ta kauce ba, ya rage gudu, ya sauka gefe, ya ja birkin hannu. Kusurwar farantin ta huda gilashi ta shigo. Anti tana riƙe da kansa da mayafinta, ita ma goshinta yana jini. Da ya ji muryata, abin da ya fara cewa shi ne in duba masa yarinyar a baya, in kuma duba ko abin ya sami wata motar.

Yarinyar ba abin da ya same ta. Anti ɗinki biyar aka yi mata. Yaya kuwa likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu, suka ceto idon hagu, na dama ya tafi.

Ɗan sandan da ya tambaye ni, na gaya masa ni na kafa farantin kuma na duba shi kafin mu taso, komai a ɗaure yake. A ranar iska ta kifar da wata motar kaya a wannan hanyar, saboda haka ba a tsananta bincike ba. Aka ci ni tara, aka yi wa lasina tabo, magana ta mutu. Da na je asibiti ina kuka, Yaya da bandeji a rabin fuska shi ke ba ni haƙuri. Ya ce ƙaddara ce, iska ba ta hannun kowa, tunda na duba na yi abin da ke kaina. Ya ce kada in kuskura in sa wa raina damuwa.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya. Da aka dawo da karaban ɗin fili, tsohon Baturen ya jingina tsani ya hau. Ya daɗe yana kallon ramukan sukurun da suka buɗe suka yi siffar ƙwai saboda ci. Ya sa farce ya lakato gam ɗin, ya murza a yatsa, bai ma gama bushewa ba. Ya sauko ya dube ni, ya ce ba wanda ya tambaye shi, saboda haka ba wanda zai gaya wa, amma in kwashe kayana daga filinsa kafin ƙarshen mako. Ban sake kwana a karaban ba, na sayar wa masu fasa tsofaffin motoci.

Mai ido ɗaya ba ya tuƙa bas. Aka karɓe lasin Yaya na manyan motoci, aka ba shi kujera a ofishin tashar yana rubuta sunayen direbobin da suka fita da waɗanda suka dawo. Mutumin da hirarsa ke cika falo ya koma shiru-shiru. In zai zuba shayi sai ya zuba a gefen kofi, ya yi dariyar yaƙe ya ce hannu ne ya tsufa. A bakin matakala sai ya laluba da ƙafa. Ni kuwa na zama direbansa, ni ke kai shi asibiti, ni ke kai shi Juma'a, ni ke gyara duk abin da ya lalace a gidan. Jama'a suka yi ta yabona, ana cewa ga ɗan halak wanda bai manta alheri ba. Anti takan ɗaga hannu a gabana ta yi mini addu'a. Kowace addu'a tata kamar ana ɗiga mini tafasasshen ruwa a ƙirji. Na rame, na daina jin daɗin abinci, duk ranar da aka yi iska in ji kwano yana ƙara sai gabana ya faɗi. Maiɗakina ta tambaye ni sau ɗaya ko akwai abin da ban gaya mata ba game da tabon nan na silin. Na yi mata tsawa. Ba ta sake tambaya ba, amma kallon da take mini ya canza.

Shekara shida muna haka. A ƙarshen shekarun 1990 Yaya ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Juma'arsa ta ƙarshe, bayan an idar, na ce masa mu ɗan zauna a lambun da ke kusa da masallaci. Muka zauna a benci, na zaɓi ɓangarensa na dama don kada ya ga fuskata, sai kuma na ji kunyar hakan na tashi na koma hagu. Na gaya masa komai, tun daga gargaɗin tsohon, har sukurun da ke juyawa, har gam ɗin da na shafa. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya juyo ya dube ni.

"Lokacin da na ce zan bi bayanka da iyalina," in ji shi, "ka san abin yana rawa?"

Na ce na sani.

"To me ka ce a ranka?"

Na ce, na ce ba abin da zai faru.

Ya gyaɗa kai. Ya ce maganar ido ya yafe tun yana gadon asibiti, ba zai janye yafiyar da ya yi don Allah ba. Abin da ya yi masa ciwo shi ne shekara shida yana lallashina a kan abin da na san ba haka yake ba. Ya ce shi ma wannan zai yafe, amma in ba shi lokaci. Sannan ya ce akwai sharaɗi ɗaya: ba shi kaɗai ne a motar ba, in je in gaya wa Anti da bakina.

Na je washegari, tana tsakiyar ɗaure akwatuna. Ta saurare ni a tsaye, igiya a hannunta. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta ce 'yarta tana zaune daidai bayan ubanta a ranar, da abin ya ƙara shiga taƙi ɗaya fa? Daga nan ta ci gaba da ɗaurinta. Ba ni na kai su filin jirgi ba. Bayan kusan shekara Yaya ya rubuto mini wasiƙa ya ce komai ya wuce, kuma har gobe muna waya. In Anti ce ta ɗauka, takan amsa sallamata, sai ta miƙa masa.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, yanzu farantin sola ya zama ruwan dare. Ina ganinsa a kan karaban, a kan motocin sayar da kaya, a kan rumfunan da ake ja, a nan da can gida, da yawa an kafa su yadda na kafa nawa. Abin da ke zaune lafiya a rufin gida ba lallai ya zauna a rufin abin da ke gudu ba. Iska da jijjiga ba sa gaggawa, kullum suna ci kaɗan, kuma suna ba da sanarwa: ƙwanƙwasa a sama, tabon ruwa a silin, baƙin layi a gindin ƙarfe, sukurun da ke juyawa ba ya kamawa. Wanda ya ga ɗaya daga ciki ya sauke farantin kafin ya hau titi, ko da tafiyar za ta ɓaci, ko da za a yi masa dariya. Wanda ya fi ka sanin aiki in ya yi magana ka saurara, ko da ba ka son fuskarsa.

Na kuma koyi cewa ƙaddara gaskiya ce, amma ba mayafin rufe sakaci ba ce. Ni na ɓuya a bayanta shekara shida, ban samu barci mai daɗi ba sai ranar da na fito. Don Allah duk wanda zai ja wani abu a hanya ya tuna, mutumin da ke bayansa bai hau tsani ya duba ba. Maganarka kawai ya ji, ya ɗauko iyalinsa ya biyo ka.